Filin Shawara: Kafin a sai da sa a sayi ƙaramar mota

Kaka ta yi. Gero ya shiga rumbu, an rori wake, an haƙe gujiya da aya. A ƙasar Sae Sabuwa, da Agye, da Gazawa, da Gidan Rumji, yanzu ne kuɗi ke shiga hannun manomi. Yanzu ne kuma wasu ke tunanin sayen mota. Wani yana son kai kaya kasuwar Maraɗi. Wani yana son ɗansa ya samu sana'a, ya bar zuwa cin rani. Wani kuwa ya gaji da ɗora marar lafiya bisa amalanke cikin dare. Duk waɗannan dalilai ne masu kyau. Amma mota tana iya ɗaga gida, tana kuma iya cinye rumbu da garke. Don haka a yi shawara kafin a kwance sa daga turke.

Wace irin mota ce?

Motar da talaka ya fi kai wa ita ce ƙarama, guntuwa, mai ƙofa a baya. In an ɗaga ƙofar nan, sai ga wurin kaya. In an kwantar da kujerun baya, wurin ya ƙara faɗi. Wadda aka fi sani ita ce Toyota Starlet, wadda ta daɗe tana aikin taksi a Yamai da Maraɗi. Akwai kuma Volkswagen Golf, da Peugeot 205, da Toyota Yaris.

A ƙasar Japan aka ƙera Starlet. An fara ta a 1973, aka daina a 1999, Yaris ta gaje ta. Ke nan tsohuwar Starlet, komi ƙyallin fentinta, ta haura shekara 25. A 2020 an sake fito da wata sabuwa da wannan suna, amma ita a Indiya ake yin ta, kuma kayan gyaransu ba ɗaya ba ne. Mai saye ya riƙe wannan.

Yawancin motocin nan sun gama aiki a Turai kafin jirgin ruwa ya kawo su. Shekaru da yawa ta Kwatano suke sauka, su ƙetare gadar Malanbil zuwa Gaya. A 2023 aka rufe iyakar nan, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta ƙara tsawo, kuma kuɗin hanya a kan mai saye yake ƙarewa.

Lissafi tun a gida

Sa yana cin ciyawa da kara, yana ba da taki, yana jan garma, kuma kuɗinsa ƙaruwa suke yi. Mota ba ta haka. Tun ranar da aka saye ta kuɗinta ke raguwa, kuma ko tana tsaye tana ci. Akwai inshora, wadda ake kira asiransi. Akwai binyat ta kowace shekara. Akwai kuɗin duba lafiyar mota. Akwai taya, da batir, da baƙin mai.

Ga misalin mai. Ƙaramar mota mai lafiya tana shan lita 6 zuwa 7 a kilomita 100 bisa gudiro. Daga Maraɗi zuwa Damagaram kamar kilomita 240 ne, wato wajen lita 16. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta sa litar esansi tamma 499, dala 100 ba tamma 1. A bisa wannan farashi, zuwa kaɗai jika 8 ne, dawowa jika 8. Cikin rairayi kuwa ta fi haka sha. Man ruwa-ruwa da ake sayarwa a kwalba ya daina araha tun da Nijeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuma wani lokaci da datti ko gauraye a cikinsa.

Ƙa'idar ita ce: kada a taɓa gona, kada a taɓa hatsin ci, kada a taɓa shanun noma. Wanda kuɗinsa suka tsaya daidai kuɗin mota, bai kai sayen mota ba tukuna. Sai ya rage na takardu da na gyaran farko. In ƴan uwa ne ko ƴan ƙungiya suka haɗa kuɗi, a rubuta abin da kowa ya zuba, da wanda zai tuƙa, da wanda zai riƙe kuɗin gyara, gaban shaidu.

Ranar ciniki

Ba a cinikin biri a sama. Mai saye ya je da bakanikensa, wanda ya yarda da shi, ba na dillali ba. Su je da safe, tun injin yana da sanyi, don injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa.

A tada mota, a dubi hayaƙi. Shuɗin hayaƙi, injin yana ƙone baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, ruwa yana shiga injin. Baƙin hayaƙi, tana shan mai fiye da ƙima. A zaro sandar awon baƙin mai. In man ya yi fari-fari kamar an zuba masa nono, ruwa ya gauraya da shi, gyaran kuwa mai tsada ne. A leƙa ƙarƙashi a nemi tsatsa da walda. A Turai ana zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, gishirin nan yana cin ƙarfe.

Taya ma tana da ranar haihuwa. A jikinta akwai lamba 4 a jere. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2318, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2018. Tsohuwar taya, ko da zanenta bai cinye ba, zafin bazara yana fasa ta.

Sa'an nan takardu. Mai saye ya ce wa dillali: "Alhaji, a ba mu takardar duwan da kartigiris mu gani." A gwada lambar da ke cikin takarda da wadda aka buga a jikin ƙarfen mota. Harafi ɗaya in ya saɓa, a bar ta, komi arahar ta. Motar sata ko wadda ba a biya wa duwan ba, shingen jandarma na farko ne ƙarshenta, kuɗi kuma sun tafi. Bayan ciniki a yi takardar saye, a kai hukuma ta buga hatimi, a mai da kartigiris da sunan sabon mai ita. Wanda ya yi yaƙi da jahilci, ranar nan yake cin amfanin karatunsa.

Kaya daidai ƙarfi

Ƙaramar mota ta mutum 5 ce, har da direba. Nauyin da take ɗauka kilo 400 ne ko ɗan fi, mutane da kaya duka. Buhun gero mai tiya 40 kilo 100 ne. Direba da buhu 3, mota ta kusa cika. Wanda ya cusa mutum 8, ya ɗaura buhuna da tumaki a sama, ya karya mata baya. Birki ba ya kamawa da wuri, taya tana zafi, kuma a kwana mota tana neman kifewa.

Rairayi da ruwa

Babbar hanya mai lamba 1 ta ratsa Gidan Rumji, Tibiri, Maraɗi, Caduwa, Agye, Gazawa har Tasawa. Nan ƙaramar mota ba ta da damuwa. Amma hanyoyin ƙauye rairayi ne, ita kuwa cikinta kusa da ƙasa yake. A rairayi a sa giya ta 2, a tafi ba tsayawa, ba fizga. In ta kafe, kada a yi ta taka mai, ƙara nutsewa take. A sauke mutane, a haƙe gaban taya, a shimfiɗa kara ko katako. A rage iskar taya kaɗan, amma da an hau gudiro a mai da ita. Shebur, da famfon iska, da tayar ajiya, da jarkar ruwa, kada su bar cikin mota.

Da damina, Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba da ƙoramu suna kawo ruwa ba sallama. Jama'a ba su manta da ambaliyar 2024 ba. Ruwa mai gudu, ko bai kai gwiwa ba, yana iya ɗaga ƙaramar mota ya tafi da ita. A tsaya a jira ya janye. Kwana a bakin gulbi ya fi kwana a cikinsa.

Hanyar dutsi

Ƙasar Maraɗi shimfiɗe take. Direban da ya koyi tuƙi a nan bai saba da hawa da gangara ba. Amma fatauci yana kai mutum Adar, wajen Madawa da Buza da Keita, ko tsaunukan Jos a Nijeriya. Can tuƙi daban ne.

Wajen hawa, a sa ƙaramar giya tun daga gindin tudu, kada a jira sai mota ta shaƙe. A sa ido ga allurar zafi. In ta hau ja, a tsaya gefe, a sa dutse bayan taya. Kada a buɗe murfin ruwa sai injin ya huce, tafasasshen ruwa yana saɓule fuska da hannu.

Gangara ta fi hawa haɗari. Giyar da aka hau da ita, da ita ake sauka. Injin ne zai riƙe mota, birki taimako ne kawai. Wanda ya danne birki tun daga sama har ƙasa, birkin zai yi zafi ya daina kamawa. Wasu direbobi suna cire giya ko su kashe injin a gangara don tsimin mai. Wannan tsimi ya sha kai mutane kushewa. Kada a wuce wata mota a kwana ko a kan tudu, inda ba a ganin gaba. A ƙunƙuntar hanya, mai sauka shi ke ba mai hawa wuri.

Duwatsun Azbin kuwa, inda tsaunin Bagzan ya haura mita 2,000, ba wurin ƙaramar mota ba ne. Hanyar Timiya duwatsu ce da ƙoramu, sai kat-kat da direban da ya san wurin.

Rai ya fi mota

Ba mai tuƙi sai mai farmi, kuma farmi sai an cika shekara 18. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa ɗaya, kafin direba ya kai ƙafa ga birki. A rage gudu a ƙauye, da ranar kasuwa, da bakin lakwal, da inda burtali ya ƙetare hanya. Makiyayi shi ma ya tsaya ya duba dama da hagu kafin ya kora garke. Mai amalanke ya riƙe tocila in dare ya same shi. A ɗaura bel. A juye baƙin mai kowane kilomita 5,000, a kakkaɓe matatar iska lokacin ƙurar hunturu. Sauri ya haifi nawa.

Wanda lissafinsa ya fita, Allah ya sa albarka, ya tsare hanya. Wanda nasa bai fita ba, ba abin kunya ba ne ya riƙe amalankensa da shanunsa har baɗi. Wanda ya karanta wannan fili, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna. Wata mai zuwa za a yi bayani kan kula da injin ban ruwa na noman rani.