Kayan Tashe Ba Na Bola Ba Ne

Akwai wani ɗan tsibiri a cikin teku tsakanin Ingila da Ayalan, sunansa Tsibirin Man. Duk ranar 31 ga Oktoba, daren da Turawa ke bikin Halowin, yaran can suna da nasu wasan da suke kira Hop-tu-Naa. Sukan samo wata saiwa mai tauri da ake ce wa tanip, su rarake cikinta, su sassaƙa mata fuska, su sa fitila a ciki, sannan su bi gida-gida suna waƙa ana ba su ɗan abin da ya samu. Har rawa gare shi, wadda ake yi biyu-biyu a jere. Wata mata mai suna Mona Douglas tana cikin waɗanda suka bi tsofaffi suka rubuta irin waɗannan raye-raye don kada su ɓace.

Wanda ya taso a Yauri, Ngaski ko Shanga zai ce ai wannan tashe ne. Ba mu ce mu ari bikinsu ba. Namu na azumi ne, daga goma ga wata, kuma ya ishe mu. Abin da ya ja hankalinmu shi ne kayan wasan. Kabewa ta fi sauƙin fafewa, ita ce kuma ake yayi a Amurka, amma mutanen Man suna ta nacewa a kan tanip ɗinsu, duk da tana gajiyar da hannu, ga shi bayan 'yan kwanaki ta yamushe. A ƙauyen Cregneash har taruwa ake yi a sassaƙa ta tare da yara.

Mu kuwa duma gare mu. Ƙwaryar da aka fafe da kyau aka rataye ta inda gara ba ta kai ba, sai ta shekara goma. Amma da an ga watan Salla, gemun audugar Tsoho da Gemu, da jakar Jatau Mai Magani, da 'yar tsanar Mairama da 'yan mata suka ɓata kwana da kwanaki suna yi wa kitso, duk sai bola. Baɗi a je kasuwa a sayi fuskar roba, irin wadda yaron Legas ma yake da ita.

Ya kamata mu fi kowa jin zafin wannan. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsibirai da ƙauyukan Gungawa, aka tashi da abin da kwalekwale zai ɗauka. Tambayi kakarku me ta tsira da shi daga tsohon gari, ku ga yadda za ta riƙe shi.

Saboda haka bana, in an gama tashe, kowace ƙungiya ta zaɓi abu ɗaya da ta yi da hannunta. A rubuta sunan wasan, da unguwa, da shekara a cikin ƙwaryar, a kai wa malamin aikin hannu ya ware masa kanta a aji. Gemun auduga dai a fara shanya shi a rana, don zufa da koko sun sha shi.