Sharhi: Rarar kuɗin man Najeriya da rumbun da ba shi da makulli

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kason da jahohin Najeriya 36 ke karɓa daga Abuja duk wata ya ƙaru ƙwarai a lissafin naira. Gwamnoni na ta buɗe hanyoyi da gadoji. Abin da ba a cika tambayarsu ba shi ne: nawa kuka ajiye saboda ranar da farashin mai zai faɗi? Tambayar ta shafe mu nan Maradi da Damagaram da Ƙonni, domin in ma'aikacin Katsina ko Kano ko Sakkwato bai ga albashi ba, mai rago da mai wake da mai albasa na wannan gefen iyaka su ma sai sun ji a jikinsu.

Najeriya ta taɓa gina irin namu rumbun tsimi, amma na kuɗi. A 2004, zamanin Obasanjo da ministar kuɗinsa Ngozi Okonjo-Iweala, aka buɗe asusun rarar kuɗin mai. Dabarar mai sauƙi ce: a tsayar da farashin ganga a kasafin kuɗi, duk abin da kasuwa ta bayar sama da haka a zuba shi asusun. Daga ciki aka biya ƙasashen ƙungiyar Paris kusan dala miliyar 12, su kuma suka yafe miliyar 18 na bashi. Duk da haka a 2008 asusun ya kai wajen dala miliyar 20, kuma shi ya tallafi ƙasar lokacin da farashin mai ya rushe a ƙarshen shekarar.

To, ina aka samu matsala? A kundin tsarin mulki na 1999. Sashe na 162 ya ce kuɗin shigar tarayya su taru a asusu ɗaya, a raba su tsakanin gwamnatin tarayya da jahohi da ƙananan hukumomi 774. Maganar a ware wani abu kafin rabo, babu ita a ciki. Gwamnoni suka riƙe wannan hujja suka tafi Kotun Ƙoli, suna cewa kuɗinsu ne aka tsare ba bisa doka ba. Shari'ar ta yi ta jan ƙafa da batun sasantawa, ana kuma ɗiba ana rabawa. Ko da Jonathan ya sa hannu kan dokar sabon asusun ajiya na ƙasa a 2011, wanda aka fara da dala miliyar 1, shi ma sai da gwamnoni suka ƙalubalance shi.

Ba mu ce ba su da hujja ba. Gwamnan da asibitinsa babu magani, yaya za a ce ya zuba ido kuɗin jaharsa na kwance a hannun Abuja, wadda ita ma tana sa hannu ciki? Sai dai kun ga abin da ya biyo baya. Gangar da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta sauko ƙasa da 30 a Janairun 2016. Fiye da rabin jahohi suka kasa biyan albashi, malaman makaranta suka yi watanni hannu rabbana, sai da gwamnatin Buhari ta ba jahohi rancen ceto a 2015. A Disambar 2017 gwamnoni suka amince a ciri dala miliyar 1 don yaƙi da Boko Haram. Zuwa 2022 abin da ya rage a asusun bai kai rabin dala miliyan ɗaya ba.

Wani abin lura: kundin ya tilasta rabo, amma bai hana kowace jaha ajiyar wani abu daga nata kason ba. Majalisar dokokin jaha na da ikon yin wannan doka. A Amurka, inda jahohi ke da nasu kundin, mutanen Kalifoniya sun kaɗa ƙuri'a a 2014 suka rubuta ƙa'idar a kundinsu: duk shekara a ware kashi 1.5 cikin ɗari na kuɗin shiga don ajiya da biyan bashi, asusun kada ya wuce kashi 10, ba a buɗe shi sai gwamna ya ayyana halin matsi, kuma a shekarar farko ba a ɗibar fiye da rabi. Duk wanda ya taɓa zama kwamitin rumbun tsimi a ƙauye ya san waɗannan sharuɗɗa: tiya nawa kowa zai zuba, wa ke riƙe da makulli, wane wata ake buɗewa.

Mu ma lokacinmu ya zo. Tun Mayun 2024 ɗanyen man Agadem ke fita kasuwar duniya ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa tashar Seme ta Benin. Makwabciyarmu Cadi ta taɓa yin dokar ware kashi 10 na kuɗin mai don ƴan baya, aka soke ta a ƙarshen 2005, shekaru biyu kacal da fara fitar da man. Hausawa sun ce in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ya kamata mu nema a rubuce, tun kafin kuɗin su yi yawa, shi ne kashi nawa za a ajiye, wa zai ba da izinin ɗiba, kuma a riƙa sanar da jama'a abin da ke ciki a rediyo, da harshen da suke ji. Ƴan uwanmu mazauna Najeriya kuwa, in ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi nawa jaharsa ta ajiye, kuma wace doka ke tsare da kuɗin.