Ƙaryar Ɗan Wasa, Asarar Ma'aikaci

Ina daga cikin masu ganin cewa dandamali wuri ne na ƙwato wa raunana haƙƙinsu. Saboda haka ne ma ba zan yi wa Mike Daisey uzuri ba, duk da cewa manufarsa kyakkyawa ce.

Daisey ɗan wasan kwaikwayo ne Ba'amurke. A wasansa mai suna The Agony and the Ecstasy of Steve Jobs, yakan zauna shi kaɗai a bayan tebur, ya labarta tafiyar da ya yi zuwa Shenzhen ta ƙasar Sin, inda masana'antar Foxconn ke harhaɗa wa kamfanin Apple kayayyakinsa. Wasan ya girgiza masu kallo, har shirin rediyon This American Life ya watsa wani ɓangare nasa a Janairun 2012. Wata biyu bayan haka shirin ya janye labarin, domin wani ɗan jarida ya nemo matar da ta yi wa Daisey tafinta, ita kuwa ta ƙaryata abubuwa da dama. Babu masu gadi riƙe da bindiga a ƙofar masana'antar. Ma'aikatan da ya ce ya gana da su, waɗanda gubar sinadarin goge gilashi ta nakasa, bai taɓa haɗuwa da su ba.

Masu kare shi suna cewa wasan kwaikwayo ba aikin jarida ba ne, kuma ƙirƙira halal ce ga mai fasaha. Na yarda, amma da sharaɗi. Marubucin da ya ƙago hali ya ɗora shi a kan dandamali bai yaudari kowa ba, tunda shi da mai kallo sun san yarjejeniyar da ke tsakaninsu. Wanda kuwa ya fito da sunansa na gaskiya ya ce da idonsa ya gani, ya bar sahun masu ƙirƙira ya shiga sahun shaidu. Shaidar zur kuwa ba ta zama halal don an yi ta a gidan wasa.

Abin takaicin shi ne gaskiyar ta wadatar. A shekarar 2010 ma'aikatan Foxconn fiye da 10 sun faɗo daga saman benaye sun mutu, kamfanin kuma ya shimfiɗa raga a jikin gine-ginensa don tare masu faɗowa. Apple da kansa ya amsa cewa gubar nan ta taɓa ma'aikata 137 a wata masana'anta a Suzhou. A watan Mayun 2011 ƙurar alminiyum ta haddasa fashewa a masana'antar Foxconn ta Chengdu, rayuka suka salwanta. Wane marubuci ne zai samu ragar nan a hannunsa, sannan ya buƙaci ƙago bindiga?

Wake ɗaya ke ɓata gari. Da asiri ya tonu, sai muhawara ta bar yarinyar da ke tsaye tsawon yini tana ɗaura noti, ta koma kan mutuncin Daisey. Duk mai neman hujjar kawar da kai ya same ta a ɓagas. Daisey ya nemi afuwa, ya tsame ƙarairayin, ya ci gaba da sana'arsa. Ma'aikacin da aka ari sunansa shi ya biya kuɗin, domin an ƙara wa kukansa shakku.

Don haka nake kira ga ɗalibai 'yan'uwana masu burin rubuta wa talaka wasa: in za ku ƙirƙira, ku ce ƙirƙira ce, in za ku ba da shaida, ku tsaya inda idonku ya tsaya. Wahalar wani amana ce a hannun marubuci, ba kayan ado ba.