Mu Daina Yi wa Ƙabilu Kuɗin Goro

Jama'a, ku ba ni aron kunnuwanku, domin maganar nan ta rayuka ce.

A ƙarshen watan Maris na 2025, ana gab da ƙaramar Sallah, wasu mafarauta suka taso daga jihar Ribas a babbar mota za su gida Kano. Da suka iso Uromi ta jihar Edo, 'yan sintiri suka tare su, suka ga bindigogin farauta, nan take aka ce ga masu garkuwa da mutane. Jama'a suka rufe su da duka, aka cinna musu wuta, mutum 16 suka rasu. Ba wanda ya tsaya jin sunansu ko sana'arsu. An ga shigarsu, an ji harshensu, shi ke nan. Hukuncin ya riga ya yanku a zukata tun kafin motar ta shigo garin.

Ba a kansu aka fara ba. A watan Mayu na 2022 an harbe wata mai juna biyu 'yar Adamawa tare da 'ya'yanta huɗu a jihar Anambra. A Agustan 2021 an tare matafiya a hanyar Rukuba da ke Jos suna dawowa daga taron zikiri a Bauchi, aka kashe fiye da 20. A Fabrairun shekarar, rigimar mutum biyu a kasuwar Shasha ta Ibadan ta zama faɗan Hausawa da Yarabawa, shaguna da gidaje suka ƙone ƙurmus.

Mun yi kuka, kuma kukanmu yana kan gaskiya. Muna jin zafi idan aka ɗauki duk ɗan Arewa jahili, ko mabaraci, ko ɗan Boko Haram. Muna jin zafi idan fim ɗin Kudu bai san wani Bahaushe ba sai maigadi mai karyayyen Turanci. To amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu juyo gida mu saurari bakinmu.

Me muke faɗa a kan Ibo a teburin mai shayi? Cewa ba su san komai ba sai kuɗi, cewa duk jabun kaya daga hannunsu yake fitowa. Bayerabe fa? Mai hayaniya, mara amana. Bagware da Bamaguje mun mayar da su abin ba yara dariya. Kiristan Arewa, wanda kakanninsa suke noma ƙasar nan tun kafin a shata iyakar Nijeriya, muna jifan sa da sunan da ke ƙona masa rai, mu wuce ko a jikinmu. Mafi muni a yau shi ne abin da muke yi wa Fulani. Gaskiya ne akwai Fulani a cikin 'yan bindigar da suka addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato. Gaskiya ne kuma makiyayi ne aka fara kwashe wa shanu, kuma 'yan sa-kai sun sha kashe Fulani a kasuwannin ƙauye ba tare da shari'a ba. Yanzu Bafulatanin da bai taɓa riƙe bindiga ba yana tsoron daji, yana tsoron gari. Wannan da abin da ya faru a Uromi, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Ku duba yadda cutar ke kama zuciya. Mutum ɗaya daga wata ƙabila ya cuce ka, sai ka ce ai haka suke. Goma daga cikinsu suka yi maka alheri, sai ka ce waɗannan dai Allah ya fid da su daban. Ta haka mugu ɗaya ke zama shaida a kan miliyoyin mutane, na kirki kuwa ba ya shiga lissafi. Yaro ya ji daga bakin uwa, ya gani a fim, ya girma ya tarar da shi a kanun labarai, inda ake ambaton ƙabilar ɓarawo kafin laifinsa. Daga nan sai ɗan siyasa ya zo lokacin zaɓe ya girbi abin da muka shuka. Yau kuma ga Facebook da TikTok da WhatsApp: tsohon bidiyo daga wata ƙasa, a liƙa masa sunan ƙabila, kafin la'asar ya zagaye jihohi.

Tarihi ya riga ya nuna mana ƙarshen wannan hanya. A 1966 an kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa saboda juyin mulkin da wasu tsirarun hafsoshi suka yi, alhali mai shago a Sabon Gari ba shi da hannu a ciki. Yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970. Duk da haka a Yunin 2017 wasu ƙungiyoyin matasa suka taru a Kaduna suka ba Ibo wa'adin barin Arewa, a Janairun 2021 kuma aka ba Fulanin Igangan ta jihar Oyo irin wannan wa'adi. Kowane ɓangare yana kafa hujja da ɓarnar ɗayan.

Alhali muna da gadon da ya fi wannan. A shekarun 1950 mutanen Enugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko. A Yunin 2018, lokacin da aka kai hari a ƙauyukan Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. Kakanninmu ma sun san bambancin wasa da wulaƙanci. Barkwancin Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarabawa, Katsinawa da Nufawa, wasa ne na taubasai: kowa yana da bakin ramawa, kuma akwai amanar da ta hana cutarwa. Hukumar UNESCO ta sanya irin wannan al'ada da ake yi a Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Suratul Hujurat kuwa ta hana izgili da jifa da munanan laƙabi da mugun zato, ta kuma bayyana cewa an yi mu ƙabila-ƙabila ne domin mu san juna.

Saboda haka, iyaye, ku tsarkake hirar tsakar gida, yara suna haddacewa. Malamai da limamai da fastoci, ku hau mumbari ku kira wannan ɗabi'a da sunanta, zalunci ce. 'Yan jarida, ku ambaci mai laifi da sunansa, ku bar ƙabilarsa ta huta. Masu shirya fina-finan Hausa, ku nuna mana Ibo likita da Bafulatani alƙali da Bagware malamin jami'a, domin akwai su a ƙasar nan. Sarakunan Hausawa na Kudu da shugabannin ƙabilu mazauna Arewa, ku riƙa zama da masu masaukinku tun ana lafiya, kada sai wuta ta tashi. Hukuma kuma ta hukunta duk wanda ya ɗauki doka a hannunsa, ko ɗan wane ne, a bainar jama'a.

Ku kuma matasa, aikin ya fi yawa a wuyanku, tunda wayar tana hannunku. Saƙon da ya zagi ƙabila guda, kada ku tura shi. Wanda ya ce "ai haka suke" a majalisarku, ku tambaye shi su nawa ya sani, ya lissafo sunayensu. Ku tanka masa ko da wanku ne, ko da uban gidanku ne, cikin ladabi amma ba tare da tsoro ba. Mu fara yau, daga majalisar da za mu zauna bayan sallar isha'i.