A SASSAUTA WA RAFALI HARAJI

Jama'a, ku dubi alƙalan ƙwallon samarinmu a Dutsin-Ma da Kurfi. Wani malamin makaranta ne, wani mai rumfa a kasuwa. Usur da riga da fetur ɗin babur duk daga aljihunsu, ladansu kuwa zagi.

Dokar haraji ta 2025 ta yarda ɗan haya ya cire kashi 20 na hayarsa kafin a yanka masa haraji. To, ina na rafali? A 1979, muna Jihar Kaduna, Balarabe Musa ya soke haraji da jangali ɗungurungum, ƙasa ba ta tsage ba.

Mu dai kiranmu ɗaya: rafali ya kawo rasidi, a rage masa. Ran da ya ajiye usur, 'ya'yan talakawa ne za su rasa fili.