Daga Idon Itace Zuwa Allurar Rigakafi

Makon jiya a Gozaki wani ɗalibi ya tambaye ni asalin kalmar “inoculate”, wadda ya gani a takardar asibiti. Mahaifinsa, manomin da ya ƙware a auren mangwaro, yana ɗari-ɗari da yi wa ƙannensa rigakafi.

Tushenta Latin ne, daga “oculus”, wato ido. Romawa na kiran tohon itace ido, kamar yadda muke cewa idon rake. Da ta shiga Turanci a ƙarni na 15, ma'anarta a tsaga ɓawon itace a cusa idon wani itacen, abin da manomanmu ke kira aure. A ƙarni na 18 likitocin Ingila suka are ta, bayan sun koyi dabarar Turkawa ta tsaga fata a sa ɗigon ruwan agana domin kariya. A 1721 Lady Mary Montagu ta sa aka yi wa 'yarta haka a Landan.

Na ce wa ɗalibin ya mayar wa tsohonsa da kalmar, domin ta gona ce tun fil'azal. Mai aura mangwaro ya fi kowa sanin cewa 'yar tsagar yau ke gyara 'ya'yan baɗi.