Zauren Iyaye: Sa'ad da Likita Ya Sake wa Yaro Magani

A watan jiya wata uwa daga Tsafe ta tare ni bayan sujada ta ce, "Malam, na ji an ce ɗanka ma yana shan maganin nan. Namu an sake masa wani, yau kwana goma ke nan ya zama kamar ba shi ba. In daina ba shi ne?" Na amsa mata a tsaitsaye, amsar kuwa ba ta gamshe ni ba, shi ya sa na kawo maganar nan.

Ɗana na biyu shekararsa 11. Tun yana aji ɗaya ba ya iya zama wuri guda. A aike shi sayen gishiri, ya dawo da labarin akuyar maƙwabta. In ransa ya ɓaci kuwa, sai ya fasa abin da ke hannunsa, an jima ka same shi a lungu yana kuka. Kakarsa a Bunguɗu ta ce ƙiriniya ce, zai bari. Waɗansu suka ce iska ce. Ni kuma, da nake malamin makaranta, na yi masa bulalar da har yau nake jin kunyarta. Daga baya likitan ƙwaƙwalwa ya gaya mana ciwon rashin natsuwa ne, wanda likitoci ke kira ADHD, ga kuma saurin hawa da saukar rai a bisansa.

Aka fara ba shi Ritalin. Maganin yakan kama cikin sa'a guda, ya sake shi bayan kamar awa huɗu. Ran nan ne na fara ganin yaron ya gama shafi guda bai tashi ba. Amma abinci ya fita ransa, dare ya yi kuma ido biyu. Ga wahalar samu, gama magani ne da hukuma ke tsarewa, ba a sayarwa sai da takardar likita, kuɗinsa kuma ya hau tun da naira ta faɗi a 2023. Bayan wata huɗu yaro ya rame, likita ya rage masa, ya ƙara da risperidone kaɗan saboda fushin. Sai abu ya juye: ga gyangyaɗi a aji, ga ci kamar gara. Uwarsa ta yi kuka ta ce mun mai da ɗanta wawa.

Makon nan ne ya fi kowane wuya, a nan ne kuwa iyaye da yawa sukan zubar da magani. Kada ku yi haka. Waɗansu magungunan, kamar fluoxetine da ake bayarwa don baƙin ciki mai naci, sukan yi mako huɗu ko shida kafin a ga amfaninsu, alhali damuwarsu tun kwanakin fari take fitowa. Waɗansu kuma in an tsai da su farat ɗaya, ciwon yakan komo da ƙarfi. Likita ne zai rage a hankali. Wani ɗan'uwa ya ce mini tun da an yi wa yaron addu'ar dare, ci gaba da ƙwaya rashin bangaskiya ne. Na gode masa don addu'ar, washegari da safe na ba yaro maganinsa.

Abin da ya fisshe mu littafin rubutu ne na 'yan makaranta. Kowace rana uwarsa takan rubuta lokacin da ya sha, abin da ya ci, ƙarfe nawa ya yi barci, sau nawa ya yi fushi. Malamar ajinsa takan ƙara layi ɗaya ran Jumma'a. Kowane wata mu auna nauyinsa. Da likita ya duba littafin, ya ga gyangyaɗin na safe ne, sai ya mai da risperidone ɗin zuwa dare. Ba don littafin ba, da "yana nan dai" kaɗai za mu ce masa.

Akwai alamun da ba a jiran ranar komawa: ƙuraje da zazzaɓi, musamman ga mai shan Tegretol, wuya ya sandare ko idanu su kafe sama, ko yaro ya soma zancen mutuwa. A ranar a kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau ko asibiti mafi kusa. Asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya yana Kware, kusa da Sakkwato. Wanda kuma ya taɓa zama wajen masu haƙar zinariya ya faɗa wa likita, gama gubar dalma, wadda ta kashe yara fiye da 400 a wajajen Anka da Bukkuyum a 2010, tana taɓa natsuwar yaro.

Duk mun san halin hanyar Tsafe zuwa Gusau. Ba kullum ake binta yadda ake so ba. Saboda haka a nemi sabon magani tun da sauran na mako guda a kwalba.

Uwar nan ta aiko mini cewa ba ta tsai da maganin ba, ta kuwa sayi littafi. Ran Alhamis za ta kai wa likita shi.